Tsarabar Gida Arba'in da Uku

Laifin na sallama ne. Da mun yi irin ta Turawa, mun kulle ƙofa mun bar wa maƙwabta makulli mun kama hanya shiru, da babu abin da zai faru. Amma ni Liyatu, da na shekara goma sha tara ina sayar wa mutanen Greensboro ta Amurka garin rogo da manja a shagona na Gate City Boulevard, a ce 'yata za ta sa ni a jirgin ruwa zuwa ƙarshen duniya, in fita ban gaya wa kowa ba? To wa zai sani?

Gaskiyar magana, ba don ni aka shirya tafiyar ba. Don maigidana ne. Sunansa Simeon, amma a rubuce kawai nake iya wannan sunan. A gidanmu mace ba ta kiran sunan miji, don haka kafin mu haihu "ka ji" nake ce masa, bayan mun haihu ya zama Baban Prisca. Shekara ashirin da shida ya yi yana lodin kwalaye a wani katafaren sito da ke bayan Wendover Avenue, bai taɓa makara ba, bai taɓa barin aiki rabi ba. Yana yin ritaya likita ya ce yana da hawan jinin ido, kuma an gano shi a makare. Ganinsa yana ta tsukewa daga gefe, sai abin da ke gabansa sak yake gani, kamar mai leƙe ta bututun ruwa. Likitan ya ce shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu, bututun ma zai toshe.

Abu ɗaya yake so ya gani kafin nan. A Numan ya tashi, ƙasar da in ka hau turmi sai ka hango garin gaba. Babansa kuku ne a gidan wani Bature ɗan mishan, kuma a kicin ɗin akwai kalandar da aka manta a watan Yuli shekara da shekaru. Hoton ruwa ne a matse tsakanin dogayen duwatsu biyu, wani farin ruwa yana zubowa daga sama. Fiyod ake ce wa irin wurin, wato inda teku ya kutsa cikin duwatsu ya yi lungu, can a ƙasar Norway. Da Baturen zai koma gida, maigidana, yana yaro, ya roƙe shi shafin. Har yau yana cikin littafin waƙoƙinsa na coci, a ninke huɗu.

Ni kuwa 'yar Pankshin ce, cikin duwatsu aka yanke mini cibiya. Na sha gaya masa in dutse yake so mu je gida in nuna masa wanda ya fi wannan, har da awaki a kai. Sai ya yi murmushi ya mayar da takardarsa.

Prisca, 'yarmu ɗaya tilo, tana aiki a wani babban kantin magani, tana zaune a Summerfield cikin masu kiwon doki. Ita ta zo wata Lahadi ta ajiye mana takardu a tebur.

"Mami, ba irin cruise na rawa da ciye-ciye ba ne fa. Expedition ne. Za a riƙa sauke ku a ƙananan jirage kuna shiga tsibirai da ƙauyuka. Daddy needs to see it now."

Na ce na ji. Na ɗauki waya na fara kiran mutane.

Sati biyu muka yi muna zagayen sallama, ni ke tuƙi tunda an hana shi. Mun je gidan Fasto, mun bi 'yan zumuntar mata gida-gida, mun je wurin Hajiya Aishatu, 'yar Zariya da ke sayen kuka da daddawa a wurina tun ranar da na buɗe shago, har garejin Hamissou ɗan Nijar mai gyara mana mota sai da muka leƙa. Ko'ina a yi mana addu'a, a rako mu bakin ƙofa, a ce, "To, a kawo mana tsaraba." Kowa ya san wannan maganar baki ce, kamar "a gai da gida". Amma Baban Prisca da zarar mun koma mota sai ya zaro takarda, ya kawo ta dab da hanci, ya rubuta sunan gidan da manyan baƙaƙe. Da muka gama, gida arba'in da uku ne.

Zan iya cewa ya yaga takardar, amma ban ce ba. Mama Scholastica, shugabar zumuntarmu, ta je ziyara Urushalima shekara shida da suka wuce, ta kawo wa kowa ruwan Urdun a 'yar kwalba, kuma tun daga lokacin ko kai ke miki ciwo sai ta tambaya ko kin shafa. Na ƙudurta a raina ni ma sai an shekara shida ana maganar tawa.

Kwana shida za mu yi a ruwa. Jirgin hawa takwas ne, fasinjojin kusan duk tsofaffin Turawa, an raba mana jajayen rigunan sanyi iri ɗaya kamar anko na biki. Kwana huɗun farko ruwan sama ne da hazo. Baban Prisca yakan fita bayan karin kumallo ya riƙe ƙarfen bakin jirgi, ya ga gindin dutse ya shige cikin gajimare, shi ke nan. Bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ni na yi na mutum biyu.

Rana ta biyar gari ya waye tas. Takardar da suke turo mana ta ƙarƙashin ƙofa ta ce da safe tsibirin tsuntsaye, da rana ƙauyen masunta, ƙarfe biyar na yamma kuma jirgi zai shiga wani fiyod mai ƙunci, ya juya ya fito. Washegari tsakiyar teku ne har tashar ƙarshe. Wato ko yau, ko babu. Baban Prisca ya karanta takardar sau biyu, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci a ƙarƙashin jar, ya zura shafin kalandar a aljihun ƙirji.

Aka zuba mu a kwalekwalen roba mai inji, mu goma-goma, aka kai mu tsibirin. Tsuntsaye ne dubbai masu jan baki a kan dutse, wurin yana wari irin na akurkin kajin da aka shekara ba a share ba. Turawa sai raɗa suke yi kada su tsorata tsuntsu, tsuntsayen kuwa ihu suke kamar tasha. Na tambayi jagorarmu, wata dattijuwa mai furfura, ina kasuwar wurin take. Ta ce ko mutum ɗaya ba ya zama a tsibirin. Kwana biyar ke nan, ban sayi ko allura ba. Na juya kyamarar wayata ta kalle ni, na ɗauki 'yar gaisuwa zuwa ga matan zumunta da jar rigata da tsuntsaye a bayana, don dai su san ina raye kuma ina nesa.

Ƙauyen kuwa, tun kafin mu sauka hancina ya gaya mini na zo gida. Jajayen gidajen katako ne a kan dogayen ƙafafu cikin ruwa, da wani ɗan farin coci a kan tudu, sannan daga bayan gari rumfunan itace masu tsayi inda ake shanya kifi. Jagorar ta tara mu tana bayani da murya ƙasa-ƙasa, wai wannan sana'a ce ta shekara dubu, iska da sanyi kawai ke busar da kifin har ya yi tauri kamar katako. Turawa suna ta "wow". Na dubi kifin, kifin ya dube ni. Okporoko ne, busasshen kifin nan da ake sa wa miya a gida Najeriya. Ni da nake yanka shi da zarton lantarki a bayan shago duk ranar Asabar.

Kanti ɗaya ne a garin. Akwai rigunan ulu masu kaurin bargo, waɗanda a Greensboro sai dai mutum ya sa su kwana goma a shekara. Akwai wasu 'yan gumaka masu dogon hanci da wutsiya. Na ɗauki ɗaya na yi tunanin miƙa wa Fasto, na sake tunanin miƙa wa Hajiya Aishatu, na ajiye shi a hankali na goge hannuna.

A bakin wani sito muka tarar da wani tsoho mai jan gemu yana ɗaure kifi. Ya tambayi daga ina, Baban Prisca ya ce Amurka, ni na ce Najeriya. Tsohon ya saki igiya ya ɗaga hannu sama.

"Nigeria! Okporoko!"

Ya faɗe ta a karkace, amma ya faɗa. Ya ce rabin ƙauyen nan tukwanen Najeriya ne suka gina shi, tun zamanin kakansa. Ya ja mu ciki ya nuna mana buhuna jere har rufi, kowanne da tambarin wani shuɗin tsuntsu. Na san tsuntsun nan. Akwai buhu huɗu masu irinsa a bayan shagona. Na gan shi, na kau da kai.

"Baban Prisca, ga tsaraba."

"Maman Prisca, ba irin wanda kike sayarwa ba ne?"

"Wancan na shago ne. Wannan daga tushe."

Muka ɗauki goma sha biyar, kowanne ya kai tsawon hannuna. In an raba kowanne uku, an sallami kowa har da ragi. Baban Prisca ya so ya hau tudun cocin ya ɗan zauna ya dubi teku. Na ce lokaci ya ƙure, na ɗora masa kifin a kafaɗa.

A ƙofar jirgi wani ma'aikaci ya tare mu da ladabi irin nasu, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ce kifin ba zai shiga ɗakin kwana ba, iskar jirgin guda ce, hawa takwas za su shaƙa. Akwai ɗaki can ƙasa inda ake ajiye takalman ruwa, a yanka shi a can, a ɗaure a leda, su sa mana a ɗakin sanyi. Ya kawo zarton hannu. Ƙarfe uku da rabi lokacin.

Na ce wa Baban Prisca, "Aikin minti goma ne. Ka sauka ka yi, ni zan hau sama in kama mana wuri a gaba, ka san mutanen nan da riga mutum wuri. Biyar saura zan sauko in ɗauke ka."

Na san ba aikin minti goma ba ne. Duk Greensboro ba wanda ya fi ni sanin taurin okporoko, kuma na san da wane ido zai yi aikin. Amma ina sanye da sabon ɗankwali, ba na so warin ya kama shi.

Na samu wuri mai kyau, dab da hancin jirgi. Ƙarfe huɗu da minti goma sai muryar kyaftin ta fito a lasifika, ya ce hazo na tahowa daga teku, don haka ba za a jira biyar ba, yanzu za mu shiga. Ɗakin takalma ba shi da taga, kuma ƙarar inji ba ta barin a ji komai a can. Hawa bakwai ne tsakanina da shi. Na ce bari in danna jan maɓallin waya in ɗauki bidiyon minti ɗaya tukuna, sai in ruga. Rana na haska gilashin wayar, tabarauna yana jaka, na dai danna na ɗaga ta gabana.

Jirgin ya rage gudu ya nufi bangon dutse kamar zai yi karo, sai bangon ya tsage ya ba mu hanya. Muka shiga. Dutse a dama, dutse a hagu, kusa har in ka jefa lemo zai same su. Na ɗaga kai ina neman inda suka ƙare, na ci gaba da ɗagawa har ɗankwalin da nake ta tattali ya zame. Can ƙoli ƙanƙara ce fara fat, a watan Yuli. Ruwan ƙasa kore ne mai duhu, a kwance lumui, duwatsun sun sake bayyana a cikinsa a kife, har ban san ko sama muke tafiya ko ƙasa ba. Aka kashe inji. Mutum ɗari biyu, ba mai tari. Sai ƙarar ruwan da ke zubowa daga sama, siriri a farko, kafin ya iso ƙasa ya zama hayaƙi, yana yayyafa mana a fuska. Wata gaggafa ta tsallaka daga wannan bango zuwa wancan ba ta kaɗa fiffike ba.

Na ji kaina ƙarama ƙwarai, kuma ban ji haushin hakan ba. Na nemi gafarar duwatsun Pankshin a zuciyata. Ba zan yi ƙarya ba, ban san na bar mutum a ƙasa ba. Jirgin ya juya a inda yake a hankali, muka fito ta inda muka shiga, muna fita hazon ya zo ya rufe ƙofar a bayanmu. Sai da wata Baturiya ta miƙo mini ɗankwalina na tuna ina da miji.

Ina juyawa na gan shi yana fitowa daga matakala, yana lalube da hannu ɗaya. Farar rigar ta yi butu-butu da garin kifi, ya naɗe babban yatsansa da hankici.

"An gama. Arba'in da uku, da biyu na ko-ta-kwana. Na ga ba ki sauko ba, na ce kada in makara."

Biyar saura minti goma. Ko wannan karon ma bai makara ba.

Na gaya masa. Ya je ya riƙe ƙarfen ya daɗe yana kallon farin hazon. Hannunsa ya je aljihun ƙirji, ya tsaya a nan, bai ciro komai ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi, don na san yadda ake rama zagi.

"Na ɗaukar maka duka a waya," na ce. "Minti ashirin da biyu, ban yanke ba."

"Ajiye shi. Idona ba ya kama na waya. Sai mun je talabijin ɗin Prisca."

Daga nan har muka sauka Greensboro ban buɗe bidiyon ba.

Ranar Asabar ta biyu da dawowarmu Prisca ta tara mutane a gidanta. An yi dafa-duka da masa, motoci sun cika ciyawa, dawakan maƙwabci sun jeru a bakin shinge suna kallon 'yan Najeriya. Baban Prisca ya zauna da takardarsa dab da hanci yana kiran suna, ni ina miƙa leda.

Mama Scholastica ta buɗe tata, ta shinshina, ta juya shi.

"Liyatu, wannan ba na shagonki ba ne?"

"Daga tushe yake, Mama. Mun ga inda ake shanya shi da idonmu."

"Uhm. Ai na shagon ma da wannan ƙamshin yake."

Hajiya Aishatu ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah ya amfana, Allah ya ƙara arziki. Shekara goma sha tara tana shiga shagona, ba ta taɓa sayen okporoko ba, kuma ni ce ya kamata in tuna. Hamissou ya ƙwanƙwasa nasa a gefen tebur.

"Merci, Baba. Amma wannan ci ake yi, ko tare tayar mota?"

Aka yi dariya, har da Baban Prisca. Sannan ya ce a kunna. Talabijin ɗin Prisca ya kusa cinye bango guda. Aka jawo masa kujera gaba sosai, ya zauna, ya warware shafin kalandar ya shimfiɗa a gwiwa. Ya gyara tabarau. Mutane suka natsu, don kowa ya san labarin idon, ko da ba wanda ya san labarin zarton. Prisca ta haɗa wayar ta danna.

Hancina ne ya fara fitowa, daga ƙasa, kowace ƙofa ta isa a zura kai. Sai haɓata, sai jar riga, sai wani ɗan yanki na sararin sama a saman kunnena. Tun gaisuwar safe da na yi wa matan zumunta ban mayar da kyamarar ba.

"Mami," Prisca ta ce a hankali. "Oh no. Mami."

"Ashe Norway ɗin da hanci take," in ji Mama Scholastica.

Falon ya fashe. Hamissou har da riƙe ciki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta a kaina. Ba dariyarsu ce ta dame ni ba, wannan karon. Bayan kan mijina nake kallo, da takardar da ke gwiwarsa. Na hana shi dutsen, yanzu ko inuwar dutsen ban kawo masa ba.

"Prisca, kashe," na ce.

"Bar shi," ya ce, bai juyo ba.

Aka bari. Matar da ke bangon ta ɗaga kai, ta ci gaba da ɗagawa, ɗankwalinta ya zame, furfurar da nake ɓoye wa zumunta shekara biyar ta fito fili. Bakinta ya buɗe, bai rufe ba. Wani haske kore yana wasa a fuskarta. Aka ji inji ya mutu, sai ƙarar ruwa ta cika falon Prisca. Dariyar ta ragu, ta ƙare, wani ya ajiye cokali. Ɗigon ruwa ya sauka a goshin matar, sannan wani ruwan ya fito daga idonta ya gangara, ba ta share ba. Ban taɓa ganin wannan matar ba. Ba ta da kyau, amma ba ta neman kowa ya gan ta.

Wajen minti na goma sha huɗu ta juya kai gefen dama, inda ba kowa, ba tare da ta ɗauke ido daga sama ba. Muryarta ta fito ƙarama, amma duk falon ya ji.

"Simeon. Simeon, ka gani?"

Wallahi ban san na faɗa ba. Hajiya Aishatu ta ja mayafi ta rufe baki.

Ya kalla har ƙarshe, har inda hannun Baturiyar ya shigo da ɗankwali, fuskar ta tuna kanta ta tsuke. Allon ya yi baƙi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ninke kalandarsa huɗu.

"Shekara talatin da biyar," ya ce, "ban taɓa ganin bakin Maman Prisca a buɗe ba magana ba. Duk abin da ya yi mata haka, na yarda yana da girma."

Aka yi dariya, ta daban. Na zo na durƙusa kusa da kujerarsa, gaban kowa, na ce ya yafe mini, ni ce na tura shi ƙasa, kuma na san aikin ba na minti goma ba ne.

"Na sani," ya ce. "Ni ke share miki garin kifin ranar Asabar." Ya zura kalandar a aljihun ƙirji. "Dutsen nan, ko da na hau sama, da ƙyar zai shiga idona. Guntu-guntu zan riƙa ganinsa. Wannan kuwa ya shiga duka." Sai ya ɗaga murya. "Prisca, mayar da shi baya. Wajen sha huɗu."

Tsarabar kuwa, cikin wata guda leda goma sha ɗaya suka dawo shagona, ta hannun masu cewa in bai wa mai ci. Na zuba su cikin na buhu mai shuɗin tsuntsu, ba wanda ya gane bambanci. Burina ma ya cika, don har yau ana maganar tafiyata a zumunta, sai dai hancina ake tunawa.

An shekara ɗaya da rabi yanzu. Bututun ya kusa toshewa, talabijin ɗin Prisca ma ya daina yi masa amfani. Da rana yakan zauna a bayan kanta a shago, kusa da buhunan, ya kara wayata a kunne. Ya haddace wurin, yatsansa ke kai shi. Masu sayayya sukan ji ƙarar ruwa, sannan muryar wata mata tana kiran wani Simeon, su tambaye ni ko fim yake saurare. In ce musu eh, in miƙa musu ledarsu. Bai taɓa tambayata yadda dutsen yake ba, ni kuma, mai bakin nan, har yau ban samu yadda zan faɗa masa ba.